Majistare Ba Mai Unguwa Ba Ne

Tunda kun ce in zo in yi muku bayanin aikin tafinta, bari in fara da abin da na ji ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa kafin in shigo. Cewa ya yi wai aikin ɓagas ne, ka ji Hausa ka ji Turanci shi ke nan, waya ma tana yi. Ba zan nuna shi ba, ya san kansa. Shekara ashirin da biyu ke nan ina tsayuwa a kotunan Virginia da na Washington ina juya maganar mutane, kuma har gobe in aka kira ni sai gabana ya faɗi. Wanda nasa bai faɗi ba, gara ya nemi wata sana'ar tun da wuri.

Sunana Talatu. A Zariya na tashi, a can na koyar da Turanci a makarantar 'yan mata shekara tara kafin aikin maigidana ya kawo mu nan. Da na zo, takardun koyarwata ba su tsinana mini komai ba. Wanda ya jawo ni cikin wannan aiki wani dattijo ne ɗan Maraɗi, Malam Isufu, Allah ya jiƙansa. Hausa da Zabarmanci da Faransanci yake yi wa kotu, aiki ya yi masa yawa, gwiwa kuma ta fara ba shi wahala. Wata shida ina bin sa a jirgin ƙasa na Metro da bas daga wannan kotu zuwa waccan, ina zaune a bencin baya, bai bar ni na buɗe baki ba. In mun fito sai ya ce, "To Madam, maimaita mini abin da matar nan ta faɗa." In na maimaita, na ɗan gyara mata maganar ta yi daɗin ji, sai ya tsaya cak a gefen titi.

"Haka ta ce? Cewa ta yi ƙarya yake, ɗan banza. Ina kika kai ɗan banzan? Cinye shi kika yi?"

Na ce, "Malam, ai zagi ne, kuma gaban alƙali."

Ya ce, "Zagin naki ne? Nata ne. Kaya ta ba ki ki tsallakar mata, ba ta ce ki buɗe ki zaɓi wanda ya yi miki ba."

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wata nas ce 'yar Filato da aka buge wa mota a mahaɗar hanya. Ta faɗi lambar titi, da lokaci, da yawan motocin da ke gabanta, duk a numfashi ɗaya. Kafin in kai ƙarshen jimlar na manta farkonta. Na tsaya na ce wa alƙali tafinta na neman a maimaita, kunya kamar in nutse. Tun ranar ban sake shiga kotu babu littafi ba. Ga shi nan, ƙarami mai waya a sama, don a juya shafi da hannu ɗaya. Biro biyu, domin ɗaya sai ta ƙare a lokacin da ba ka so. Takalmi mara tsini, kwalbar ruwa, alewar maƙogwaro, da katin da nake ratayawa a wuya. Ba magana nake rubutawa ba, lambobi ne da sunaye da 'yan alamomina, kuma da an tashi nake yayyaga shafin a gaban ma'aikacin kotu. Sannan ku sani, tafinta ba ta cewa "ya ce ya sata." In mutum ya ce na sata, ni ma "na sata" zan ce, da bakina, a gaban jama'a. Da bakin nan nawa na sha giya na tuƙa mota, na doki mata, na yi kuka a kan ɗa. Ku fara tambayar kanku ko za ku iya wannan.

Yanzu majistare, tunda a kansa mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Ranar da aka fara kira na ofishinsa, wani direban tasi ne ɗan Gusau aka kamo. Yana ganin matar da ke bayan gilashi, wato majistaren ranar, ya cire hula ya durƙusa, yana "Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa, ina da iyali." Matar ta leƙo tana neman inda ya shiga. Shi a zatonsa shari'a ake yi. Ba laifinsa ba ne. A gida in an ce kotun majistare kowa ya san alƙali ne a kan kujera, ya ji ɓangare biyu, ya ci tara ko ya ɗaure. A Virginia ba haka abin yake ba. Ɗan ofis ne a jikin gidan yari, mutum na zaune da kayan gida, ba rigar alƙali, ba ya kuma yanke wa kowa hukunci. In 'yan sanda sun kamo mutum, shi zai duba ko akwai dalilin kamun, ya ce a ba da beli ko a tsare. In za a bincika gida, shi ke sa hannu. In wani yana tsoron wani, ya ba da takardar da za ta hana wancan kusantarsa na 'yan kwanaki. Sai wannan, ku riƙe shi da kyau: kowa na iya zuwa da ƙafarsa ya rantse cewa wane ya yi mini kaza, in laifin ba daga cikin manya ba ne kuma majistare ya gamsu, ya ba da takardar kamu. Ɓangare ɗaya kawai yake ji. Ba ya aikawa a kira wanda ake ƙara, ba ya sulhu, ba ya nasiha. Da takardar ta fita, magana ta bar hannun mai ƙara ta zama ta gwamnati. In kun haye kogi zuwa Washington ko Maryland tsarin daban ne, kowanne sai kun zauna kun koye shi.

Wata Talata bayan azahar aka kira ni irin wannan ofis. Ina shiga na ga Alhaji Garba zaune a kujerar roba, hannunsa na hagu naɗe da bandeji. Duk Bahaushen da ke garin Manassas ya san Alhaji Garba. Shekara talatin yana tuƙa tasi, kuma da wuya ka sami baƙon da ya sauka garin nan bai kwana a ɗakin ƙasa na gidansa ba. Ni kaina na ci tuwon gidan ba sau ɗaya ba. Turancinsa na tasi ne, ya isa ciniki amma bai isa rantsuwa ba, shi ya sa aka nemo tafinta. Kafin komai na gaya wa majistare cewa na san mutumin nan. Ya tambaye ni ko sanayyar za ta hana ni faɗin abin da na ji yadda na ji shi. Na ce a'a. Ya tambayi Alhaji ko ya yarda da ni. Alhaji ya ce, "Hajiya Talatu? Ai gara ita." Sai na faɗa da harshe biyu, kamar yadda nake yi kullum, cewa duk abin da aka furta a wurin nan zan juya shi, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba.

Ƙarar ƙanensa ya kawo, Nuhu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin ke tsakaninsu. Alhaji ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi ta faɗi-tashin takardu shekara da shekaru har ya kawo shi. Nuhu a lokacin ya haura talatin, yana aiki a gidan kula da tsofaffi, yana karatun nas, yana da takardar zama amma bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ya kama ɗaki a Annandale kusa da wurin aikinsa bai yi shawara da yayansa ba. Ran da zai kwashe kaya, Alhaji ya tsaya a ƙofa ya ce ba inda za shi. Nuhu ya ture shi, ya faɗi a kan matakala, hannu ya gurɗe, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Iyakar abin da Alhaji ya faɗa ke nan, iyakar abin da na juya ke nan.

Sai ya karkato wajena ya rage murya. "Hajiya, ke tamu ce. Gaya masa ni ba ɗauri nake so ba. A aika a kira yaron nan, a ja masa kunne a gabana, ya durƙusa ya ba ni haƙuri, mu tafi gida."

Na juya wannan ma. Majistaren, wani farin dattijo mai tabarau, ya ajiye biro ya matso kusa da gilashi. Ya ce shi ba shi da ikon kiran kowa ya yi masa faɗa. Abu ɗaya zai iya: in Alhaji ya rantse kuma ya gamsu, zai ba da takarda, 'yan sanda su kama Nuhu, kuma daga nan Alhaji ba zai iya janyewa ba. Na juya shi a hankali, kalma bayan kalma, ina kallon idon Alhaji. Sai ya yi murmushi.

"Haka suke faɗa a ko'ina. A gida ma in ka kai yaro caji ofis sai su zare ido, daga baya a ce ku je ku sasanta."

Na juya. Majistare ya sake maimaitawa, ya ƙara da cewa Alhaji na iya tafiya ya yi tunani, ko ya ga lauya, ofis ba ya rufewa. Alhaji ya ce, "Ni zan yi tunani? Shi ya yi tunani da ya kayar da ni a gaban 'ya'yana?" Sannan ya dube ni. "Ke me kika gani?"

Wallahi na ga komai. Na ga ankwa, na ga aikin Nuhu, na ga takardarsa. Amma tambayar ma sai da na juya ta, majistare kuma ya amsa cewa tafinta ba ta ba da shawara. Na juya masa wannan amsa da bakina. Alhaji ya ɗaga hannun dama ya rantse.

Washegari da safe aka kama Nuhu a wurin ajiye motoci na wurin aikinsa, da kayan aiki a jikinsa, abokan aikinsa suna kallo. Shi bai buƙaci tafinta ba, Turancinsa ya fi na wasunku. An ba da belinsa da sharaɗin kada ya kusanci yayansa. Wurin aiki suka dakatar da shi, don ba a barin mai irin wannan tuhuma da tsofaffi. Lauyar da ya samu ta gaya masa gaskiya, cewa in aka same shi da laifin taɓa ɗan'uwansa na jini, takardar zamansa na cikin haɗari, ana iya mayar da shi gida.

Bayan kwana uku aka sake kira na. Alhaji ne, ya sha babbar riga, ya zo ya ce ya yafe. Na juya. Majistare ya ce ya ji, amma magana ta bar ofishinsa, ta tafi kotun da ke duba rigimar iyali, sai abin da lauyan gwamnati da alƙali suka gani. Alhaji ya ce, "Hannuna ne, ƙanena ne, na ce na yafe. Wa ya fi ni kusa da maganar?" Na juya. Majistare ya ce ya fahimta, amma ba shi da iko. Alhaji ya juya ya fita bai yi mini sallama ba.

Ranar Asabar bayan la'asar dattawa uku suka yi sallama a gidanmu. Jagoransu Malam Haruna, injiniya ne, mutumin kirki, shi ke tara mu duk lokacin da aka yi rasuwa. Maigidana ya shigar da su falo, na kawo shayi, aka gaisa har da tambayar mutanen Zariya. Sannan Malam Haruna ya gyara zama.

"Hajiya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron nan namu ne, Alhaji namu ne, ke ma tamu ce. Mun duba ko'ina, ƙofa ɗaya ta rage, kuma makullinta na hannunki. Ki ce kuskure aka samu wajen fassara. Alhaji cewa ya yi sun yi gardama ya zame ya faɗi, ke kika ce an ture shi. Ɗan'adam ajizi ne. Wa zai kama ki?"

Na ce, "Malam, Alhaji ya faɗa, na ji, na juya. Sau biyu aka gaya masa abin da zai biyo baya, da bakina ya ji shi."

"Ba wannan muke tambaya ba. Rayuwar yaro muke magana."

"Na sani. Ni ma ban yi barci ba tun ranar. Amma na rantse kafin in fara aikin nan."

Ɗaya daga cikinsu ya yi tsaki. "Rantsuwar kotun Nasara za ki haɗa da zumunci?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ni da Allah na rantse, ba da kotu ba. Kuma ku duba, mu nawa ne masu juya Hausa a yankin nan? In na ce na yi kuskure yau, duk wanda na taɓa tsaya wa sai a ce ƙila shi ma an yi masa kuskure. Gobe in 'yar wani a cikinku ta tsaya gaban gilashin nan tana faɗin wanda ya cuce ta, da wane baki zan faɗa a yarda? Ku nemi wata hanyar, ni zan taya ku da addu'a da duk abin da ba ƙarya ba."

Malam Haruna ya miƙe bai shanye shayinsa ba. A bakin ƙofa ya ce wa maigidana, ba ni ba, "Allah ya kyauta." Ranar Litinin na sanar da ofishin da ke rarraba mana aiki cewa ba zan ƙara tsayawa a wannan shari'a ba, domin masu alaƙa da ita sun same ni a gida. Ban kama sunan kowa ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. An cire ni daga zauren matan da muke hira a waya, ba wanda ya ce mini uffan. Aka yi suna uku da biki ɗaya, sai a bakin 'yata nake ji. Ranar Sallah na shimfiɗa dardumata, matar da ke gefena ta ja tata ta matsa. Aka sa mini suna 'yar sandan ciki. Maigidana ya yi ta miƙa hannu a masallaci ana ba shi yatsa biyu. Duk wannan na shanye shi, ban je gidan kowa ba da haƙuri ba, don ban san laifin da zan ce na yi ba. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Mutanenmu suka fara ƙin tafinta a kotu. Da sun ga ni ce, sai su ce suna jin Turanci. Ina zaune a benci na ga wani dattijo ya amsa laifin da bai fahimci abin da ke bayansa ba, yana ta gyaɗa kai yana "yes, yes," ni kuwa ba ni da ikon tashi in ce a tsaya. Ranar a cikin mota na zauna na yi kukana kafin in iya tuƙi.

Sau ɗaya na haɗu da Nuhu a cikin watannin nan, a shagon da muke sayen garin tuwo a Annandale. Ya rame, yana sanye da rigar masu kai saƙo gida-gida. Na ɗauka zai kau da kai. Sai ya zo ya rusuna ya ce, "Anti, ina wuni, ya Baba?" Maigidana yake nufi. Ya karɓi kwandona ya kai mini har mota. Bai ta da maganar ba, ni ma ban ta da ita ba.

Wata biyar aka yi kafin ranar shari'a. Sammaci ya zo mini daga lauyar Nuhu, domin dattawa sun gaya mata akwai kuskuren fassara. Lauyar wata yarinya ce mai kaifin ido. Ta ja ni gefe a baranda kafin a shiga, ta tambaye ni kai tsaye. Na ce babu kuskure, in ta kira ni gaban alƙali haka zan faɗa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce to ba za ta kira ni ba, ina iya tafiya. Ban tafi ba. Na shiga na zauna a bencin baya, dattawa suna gaba, ba wanda ya waiwayo.

Wani mutumin Kumasi mazaunin New York aka samo ya yi tafinta ta bidiyo. Hausarsa ta zango ce, amma bai zubar da ko kalma ɗaya ba, na yaba masa a raina. Lauyan gwamnati ya karanta wa Alhaji abin da ya rantse a kai, ya tambaye shi ko haka ya faɗa. Alhaji ya kalli Malam Haruna. Alhaji Garba mutum ne mai taurin kai, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Haka na faɗa. Ya ture ni." Na ga kafaɗun dattawan nan sun sauka. Nuhu yana zaune kusa da lauyarsa, kansa a ƙasa.

Lauyar ta miƙe, ina jin ba ta da sauran abin kamawa. Ta roƙi alƙali a bar Alhaji ya tashi ya nuna yadda abin ya faru, ina ya tsaya, ina Nuhu ya tsaya. Alhaji ya fito tsakiyar kotu ya tattare riga.

"Nan ƙofa take. Ni ina nan. Ya taho da akwati. Na ce ajiye, ya ƙi. Sai na shaƙo wuyan rigarsa da wannan hannun, na wanke shi da mari. Na ƙara masa. Zan yi na uku ya fizge, ya ture ni."

Mutumin Kumasi ya juya shi tsaf. Alƙaliyar, wata baƙar mace mai furfura, ta ɗaga hannu ta dakatar da Alhaji, ta gargaɗe shi cewa abin da yake faɗa yana iya zame masa laifi shi kansa. Alhaji ya dube ta cikin mamaki na gaske.

"Laifi kuma? Ƙanena ne fa. Ni na sa shi makaranta, ni na ciyar da shi."

Ta tambaye shi me ya sa bai gaya wa majistare wannan ba. Ya ce, "Ba a tambaye ni ba. Kuma wa ya mari ƙanensa, har wannan abin faɗa ne?"

Lauyar ta juya ta kalli Nuhu. Wata biyar tana tare da shi bai taɓa gaya mata an mare shi ba, bai gaya wa 'yan sanda ba, bai gaya wa majistare ba ran da ake maganar belinsa. Daga baya ta tambaye ni dalili, don abin ya ɗaure mata kai. Na ce mata a wurinmu ba a kai ƙarar wanda ya raine ka. Ɗaya ya yi shiru don bai ga abin faɗa ba, ɗaya ya yi shiru don kunya, saura kaɗan shirun nan biyu ya sa mutum a jirgi. Alƙaliya ta ce mutumin da aka shaƙe ana mari yana da haƙƙin ƙwatar kansa. Ta kori ƙarar.

A baranda dattawa suka yi ta hamdala. Malam Haruna ya kamo hannun Nuhu ya jawo shi gaban yayansa, yana cewa, "To, shi ke nan, durƙusa ka ba yayanka haƙuri, komai ya wuce." Alhaji yana tsaye yana jira, idonsa ya yi ja, ya ɗan miƙo hannu. Abin da ya je nema wurin majistare ke nan tun farko.

Nuhu ya zare hannunsa a hankali. Bai kalli Alhaji ba. Ni ya nemo da ido, ya yi mini magana da Turanci, irin wanda ake yi wa ma'aikaciyar kotu. Ya ce in gaya wa wannan mutumin cewa makullin gidansa yana wurin lauya, kuma shi ba shi da sauran magana da shi.

Alhaji ya ji. Turancin tasi ya isa a ji wannan. Ya juyo wajena ya ce, "Hajiya, ce masa, ce masa ni ban san haka za ta kai ba."

Suka tsaya su biyun suna kallona, kowa yana jiran in ɗauki kayansa in miƙa wa ɗan'uwansa. A shekara ashirin da biyu wannan ce kaɗai maganar da aka ba ni na ƙi juyawa. Na ce, "Ni kotu ke ɗauka ta, kotu kuma ta tashi. Nono ɗaya kuka sha, a baki ɗaya kuka koyi Hausar nan. Ga ka, ga shi. Ba ni shiga." Na rataya jakata na nufi lifta. Da na waiwaya, Nuhu ya riga ya bi matakala.

Ya koma karatunsa, ya gama, ya zama ɗan ƙasa. Yanzu yana wata jiha mai nisa yana aikin nas, an ce ya yi aure. Mutane suka dawo gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da ni zauren mata kamar yadda aka cire ni, ba bayani. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ni ma ban nema ba. Alhaji Garba ya bar tuƙi, ya tsufa ƙwarai. Duk ranar Sallah sai ya aiko 'yarsa ta kira ni bakin ƙofar mata. Ya gaishe ni, ya tambayi maigida da yara, sannan ya rage murya ya ce, "Hajiya, yaron nan bai ba ki wani saƙo ba?"

Sai in gaya masa gaskiya. Bai ba ni ba.